Ƙari a Gidan Ƙwan Mai Ciki: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya



Mu da ke aiki a ɗakin awo mun saba ganin mace ta fito daga ɗakin hoton ciki tana murmushi, saboda an nuna mata bugun zuciyar ɗanta a jikin allo. Amma wani lokaci sai ka ga wata ta fito riƙe da takardar sikanin, idonta ya kaɗa ya yi ja. An ce mata cikin yana nan lafiya, sai dai an ga ƙari a gefen mahaifa, mai girman santimita 8 ko 10. Daga nan ba ta ƙara jin komai ba. Kalmar ƙari kaɗai ta ɗauka ta tafi da ita gida, kafin magariba kuma labari ya zagaye dangi cewa wance tana da ciwon daji.

A kan wannan mace nake son yin magana yau. Ra'ayina, bisa abin da na gani a aikin ungozoma, shi ne: irin wannan ƙari ba kasafai yake yin ɓarna ba matuƙar ana bibiyarsa a asibiti. Inda ake yin asara shi ne jinkirin da ake yi a gida a daren da ciwo ya taso. Saboda haka ranar da aka ga ƙarin, ranar ya kamata maigida da matarsa da manyan gida su zauna su yanke shawarar abin da za a yi idan wannan dare ya zo.

Mene ne wannan ƙari?

Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu na mahaifa, kowanne bai fi girman dabino ba sosai. Daga nan ne ƙwai yake fitowa duk wata, ya bi ta bututu ya nufi mahaifa. Ƙarin da muke magana a kai jaka ce da ke fitowa a jikin gidan ƙwan, galibi cike da ruwa. Likitoci suna ce mata sist. A wajen mahaifa take, jariri kuma yana cikin mahaifa, ba su haɗa ɗaki ba. Kuma daban take da ƙarin mahaifa da aka fi sani, wato faibroid, wanda shi tsoka ce da ke fitowa a jikin mahaifar kanta.

Wanda aka fi gani a farkon ciki yana da dalilinsa. Bayan ƙwai ya fita, gurbin da ya bari yakan zama wata 'yar jaka mai samar da sinadarin furojestaron, wanda ke riƙe ciki a makonnin farko. Wannan jaka ita ke ɗauke da nauyin cikin har zuwa wajen sati na 10, lokacin da mabiyiya take karɓar aikin. A wasu mata jakar takan tara ruwa ko jini ta kumbura, sai a gan ta a sikanin. Irin wannan yawanci yakan saɓe da kansa ya ɓace kafin sati na 16, wato cikin wata na huɗu, ba tare da an sha ko ƙwaya ɗaya ba.

Akwai kuma waɗanda ba sa ɓacewa. Wani akan samu kitse da gashi a cikinsa, har ma da haƙori wani lokaci. Na san idan aka ji haka a gida sai a ce sammu ne ko jifa. Halitta ce kawai: ƙwayoyin halittar da ke gidan ƙwai suna iya rikiɗa su zama fata ko gashi ko haƙori, kuma mace tana iya ɗauke da shi shekaru kafin ta yi aure ba ta sani ba. Wani kuma ruwa ne zalla ko mai yauƙi, yana girma a hankali. Wani tsohon jini ne ya taru a ciki, galibi ga matan da suka daɗe suna fama da matsanancin ciwon mara lokacin al'ada.

Shin ciwon daji ne? Cikin matan da ke shekarun haihuwa, kaɗan ne ƙwarai ake samun ƙarin nasu ya zama daji. Mai ɗaukar hoto yana duba alamomi: ruwa ne zalla ko akwai tsoka a ciki, bangon jakar siriri ne ko mai kauri, akwai ɗakuna-ɗakuna ko babu, gefe ɗaya ne ko duka biyu. Akwai wani gwajin jini mai suna CA-125 da wasu ke garzayawa su yi da kansu a waje. Ku sani wannan gwaji yakan hau a farkon ciki ko da mace lafiyarta ƙalau, don haka kada sakamakonsa ya ɗaga muku hankali kafin likita ya gani.

Me ya sa likita yake cewa a jira?

Wannan ita ce tambayar da mazaje suka fi yi mini: Sista, tunda an gan shi, me zai hana a cire kawai a huta? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Na farko, idan ƙarin irin mai riƙe ciki ne, cire shi da wuri tamkar zare ginshiƙin ɗaki ne, sai an riƙa ba mace furojestaron a madadinsa. Na biyu, watanni ukun farko su ne lokacin da gaɓoɓin jariri ke haɗuwa, kuma lokacin da ɓari ya fi faruwa ko da ba a taɓa mace ba, don haka ba a son tiyatar da ba ta zama dole ba. Na uku, da yawa daga cikinsu za su ɓace da kansu. Wa zai so a yanka matarsa a kan abin da zai tafi nan da wata guda?

Shi ya sa ake ba da ranar dawowa a sake hoto, galibi tsakanin sati na 14 da na 16. Hoton sikanin da amo yake aiki, babu hasken eksire a cikinsa, maimaita shi bisa umarnin likita ba ya cutar da jariri. Idan ƙarin bai kai santimita 5 ba, wato bai kai ƙwan kaza ba, kuma ruwa ne zalla, yawanci ba a damuwa da shi. Idan ya wuce haka ana sa masa ido. Idan ya kai santimita 10 ko ya zarce, ko yana ƙara girma, ko siffarsa ba ta kwanta wa likita a rai ba, ko yana yawan sa ciwo, to za a kawo maganar tiyata.

Amma a fahimci wani abu. Jiran da likita ya ce a yi jira ne mai rana, mai takarda, mai sharaɗi. Wanda ya ji an ce a jira ya koma gida ya ajiye katin awo a ƙarƙashin katifa har wata tara, wannan bai bi maganar likita ba.

Haɗarin da muke tsoro

Gidan ƙwai a rataye yake da wata 'yar igiya wadda jijiyoyin jini ke bi ta cikinta, kamar yadda mangwaro ke rataye a reshe. Idan ƙari ya yi masa nauyi, yana iya juyawa ya murɗe igiyar, jini ya daina shiga. Idan aka kai mace asibiti da wuri, likita zai warware murɗewar, ya cire jakar, ya bar mata gidan ƙwanta. Idan aka daɗe, gidan ƙwan yakan mutu ya yi baƙi, dole a cire shi gaba ɗaya, kuma cikin ma yana iya shiga haɗari. Murɗewa ta fi faruwa daga ƙarshen wata na uku zuwa na huɗu, lokacin da mahaifa ke tasowa daga ƙugu tana ture abin da ke kusa da ita, sai kuma bayan haihuwa, lokacin da take komawa. Ban da murɗewa, jakar tana iya fashewa ko ta zubar da jini a cikin ciki.

Ga alamomin da ba a kwana da su a gida:

1. Ciwon mara mai tsanani da ya taso farat ɗaya, musamman a gefe guda.
2. Ciwo tare da tashin zuciya ko amai.
3. Jiri, ko suma, ko gumi mai sanyi, ko tafin hannu da ido su yi fari.
4. Zazzaɓi tare da ciwon ciki.
5. Zubar jini ta gaba, kome ƙanƙantarsa.
6. Ciki ya ƙame, ba ta iya bari a taɓa.

A lura, ciwon murɗewa yana iya lafawa ya sake dawowa. Lafawar ba waraka ba ce. Kuma waɗannan alamomi su ne dai na cikin da ya zauna a bututu da na afendis, dukansu kuwa ba masu jiran gari ya waye ba ne.

Abin da na gani da idona

Wata baiwar Allah ta zo mana awo da cikinta na biyu, aka ga ƙari a gefen dama, aka ba ta ranar dawowa. Ni ce na rubuta mata ranar a kati. Kafin ranar ta zo, ciwo ya tashe ta cikin dare, tana ta amai. Maigidanta ɗan kasuwa ne, ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga. Uwar mijin, mace mai ƙaunarta ƙwarai, ta ce ba za a fita da matar mutum asibiti da dare ba izininsa ba, aka jiƙa mata magani. Da safe aka kira mai kyamis ya yi mata allurar kashe ciwo, ciwo ya lafa, kowa ya ce Alhamdu lillahi. Sai a kwana na biyu, da zazzaɓi ya rufe ta, aka kawo ta. A ɗakin tiyata aka tarar gidan ƙwan ya riga ya mutu, aka cire shi. Allah ya kiyaye cikin, ta haifi 'yarta lafiya, bayan shekara biyu ma ta dawo mana da wani cikin.

Babu mugu a cikin wannan labari. Uwar miji ta kiyaye mutuncin ɗanta ne, mijin kuma da ya dawo har kuka ya yi, ya ce da ya sani da ya bar sallahu. Ni ma ina da nawa laifin. Na rubuta mata ranar dawowa, amma ban zaunar da ita na ce mata: idan kaza ya faru, ko ƙarfe biyun dare ne, ki taho ba. Ban ce ta turo mini maigidan ba. Layi ya yi tsawo a ranar, na ce mata ba komai, na kira ta gaba. Tun daga lokacin na daina cewa mai ƙari ba komai in yi shiru. Kira nake ga abokan aikina ma: mu yi bayani da Hausar da mace za ta gane, mu sa ta maimaita mana alamomin da bakinta kafin ta tashi.

Shawarar da za a yanke tun da rana

Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da nake roƙon kowane gida da aka ga wa matarsu ƙari:

Maigida, ka ba da izini tun yau, a gaban mahaifiyarka da duk wanda ke gidan, cewa idan ciwo ya taso a kai ta asibiti ko kana nan ko ba ka nan. A ƙa'idar asibiti, mace baliga mai hankali ita ke da ikon sa hannu a takardar aikinta. Amma mun san gidajenmu, mace da yawa ba za ta iya ɗaga ƙafa ba sai ta san ranka ba zai ɓaci ba. Furucinka na minti ɗaya yana iya tsare mata gidan ƙwanta.

A san motar da za a shiga da dare, da lambar mai ita. A san asibitin da za a nufa, wanda ke da likitan mata da ɗakin tiyata da ke aiki dare da rana. Zagaye ƙananan wurare uku kafin a iso inda za a yi aiki yana cin awannin da ake buƙata.

A ware wani abu a ajiye, kome ƙanƙantarsa. Na san halin da ake ciki, kuma na san kuɗin hoto sau biyu sau uku ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman na cefane. Amma kuɗin sake hoto bai kama ƙafar kuɗin tiyatar gaggawa da ƙarin jini da kwanciya ba. Kuma rashin kuɗi a hannu kada ya hana a taho: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta hana a ƙi ba mutum taimakon gaggawa. A zo tukuna, a yi maganar kuɗi a nan.

A nemi 'yan uwa biyu masu lafiya da suka yarda za su ba da jini idan an buƙata.

Ke kuma 'yar uwa, katin awo da takardar sikanin su zauna a jakarki, duk inda za ki je ki tafi da su. Idan ciwon ya taso kada ki ci abinci, kada a ɗura miki kunu ko shayi a hanya, domin idan tiyata ta kama an fi son ciki ba komai.

Abubuwan da za a kiyaye

Babu jiƙo ko tsimi ko garin magani da aka tabbatar yana narkar da ƙarin gidan ƙwai. Idan kin ji wata ta ce ta sha kaza ƙarinta ya ɓace, mai yiwuwa irin mai ɓacewa da kansa ne take da shi. Wasu jiƙe-jiƙen kuwa suna taɓa hanta da ƙoda, wasu suna tayar da naƙuda. Kada a murza cikin ko a danna shi da sunan tausa. Kada a sayi maganin ciwo barkatai. Farasitamol ba laifi a kan ƙa'ida, amma irin su ibufurofen da dikilofenak ba a so mai ciki ta sha sai da umarnin likita, musamman daga sati na 20 zuwa sama. Babbar illar allurar kyamis ita ce ta rufe bakin ciwo alhali ɓarna tana ci gaba.

A rage mata daka da ɗaukar ruwa da duk aikin ƙarfi. Sai dai murɗewa tana iya faruwa ko mace tana kwance tana barci, don haka idan ta faru kada a ɗora mata laifi.

Addu'a kuwa a yi ta ba dare ba rana. Neman magani ba ya warware tawakkali, a haɗa su biyun.

Idan aka ce sai tiyata

Lokacin da aka fi zaɓa shi ne tsakanin sati na 14 da na 20, wato wata na huɗu zuwa na biyar. A lokacin mabiyiya ta kama aiki, gaɓoɓin jariri sun haɗu, mahaifa kuma ba ta yi girman da za ta tare wa likita hanya ba. Ana iya buɗe ciki, ana kuma iya yi ta ƙananan huda da na'urar leƙawa a inda ake da kayan aiki da ƙwararru. Ba a buɗe mahaifa, ba a taɓa jariri. Ba zan ce babu haɗari sam ba, kowace tiyata tana da nata, kuma akwai ɗan yiwuwar ɓari ko naƙuda kafin lokaci. Amma mafi yawan mata suna tashi lafiya su ci gaba da renon cikinsu. Tiyatar da aka shirya da rana, mace ta yi gwaje-gwajenta, jini yana ajiye, ta fi wadda aka yi a guje cikin dare sauƙi nesa ba kusa ba. Idan kuwa murɗewa ce, ba a duba wata nawa ne cikin, aiki ake yi nan take.

Akwai masu cewa a bar shi har a haihu, a cire daga baya. Sau da yawa haka ɗin ake yi, idan ƙarin ya tsaya a girmansa, siffarsa mai kyau ce, ba ya kuma damun mace. Amma likitan da ke ganin hoton ne zai faɗi haka, ba majalisar ƙofar gida ba.

Tsoron da ya fi cin mata a rai, wanda ba sa faɗa sai mun keɓe, shi ne: idan aka cire mini gidan ƙwai ɗaya, na daina haihuwa ke nan, a yi mini kishiya? Ki kwantar da hankalinki. Galibi jakar kaɗai ake cirewa a bar gidan ƙwan. Ko da an cire ɗaya, ɗayan yana ci gaba da fitar da ƙwai, al'ada tana zuwa, ciki yana shiga, kamar yadda baiwar Allahn nan ta dawo mana da nata. Duk abin da aka ciro kuma a tabbata an kai shi ɗakin gwaji, a dawo a karɓi sakamako.

Haihuwa da jego

Mai ƙari a asibiti za ta haihu, ko da ta saba haihuwa a gida. Da yawa suna haihuwa da kansu lafiya lau. Amma idan ƙarin ya sauka cikin ƙugu ya tare hanyar da kan jariri zai bi, naƙuda za ta yi tsawo ba ci gaba, sai an yi aiki an ciro jaririn, kuma sau da yawa a nan ake cire ƙarin gaba ɗaya.

Bayan haihuwa ma ba a gama ba. Wannan ne lokacin da ake tafiya wankan gida, wataƙila ƙauye mai nisa da asibiti, kuma duk ciwon da mai jego ta ce tana ji sai a ce ciwon bayan haihuwa ne, a ƙara mata kunun kanwa da ruwan zafi. Iyaye mata, idan 'yarku tana da ƙari kuma ciwo mai tsanani ya kama ta a gefe guda tare da amai, ku kawo ta. Idan an yi arba'in kuma a dawo a sake hoto, a ga ko yana nan.

Daga ƙarshe, ina kira ga masu ɓoye ciki sai ya fito kafin su fara awo. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko a cikin sati 12 na farko, kuma a yi mata hoton ciki kafin sati na 24. Wadda ta zo da wuri ita ake ganin ƙarinta a lokacin da akwai zaɓi. Wadda aka ga nata kuwa, kada ta bar ɗakin likita sai ta tambayi abu huɗu: girmansa nawa, wane iri ne, yaushe zan dawo, wace alama ce za ta sa in taho ba tare da jiran ranar ba. Idan ba ki gane amsar ba, ki same mu a ɗakin awo, ki zo da maigida, za mu sake yi muku bayani.

Allah ya raba ku lafiya, ya ba mu zuri'a mai albarka, amin.